Dogon mutum a kan babur ɗin daji: sirdi, kai ko mataki, wanne za a fara taɓawa?

Tsawona santimita 193 ne, takalmina lamba 46. A Garwa ba kowa ya san sunana na yanka ba, Dogo kawai ake ce mini. Sana'ata sayen gyaɗa da masara a kasuwannin ƙauye, daga Pitowa ranar Lahadi har can wajen Lagdo da Rai Buba, kuma in kaka ta yi sai in kwana biyar a mako ina kan babur. Shekarun farko, duk ranar da na dawo gida sai na dafa bango kafin in iya miƙe gwiwa. Sujada a sallar isha'i kuwa sai da dabara. Na ɗauka gajiyar hanya ce da kowa ke sha, har ranar da na ba wani ƙanena babur ɗin, shi da bai wuce kafaɗata ba, ya je Gidar ya dawo yana fito kamar wanda ya zagaya unguwa. A ranar na gane ashe babur ɗin ne ya yi mini kaɗan, kamar rigar aro.

Abin da na fara yi shi kusan kowane dogo ke fara yi, wato ɗaga kan babur. Na je wurin wani makaniki a bakin kasuwa, ya kwance maƙalin kan (kan ne su suke kira gidon), ya yanko guntayen bututu ya jera da noti a ƙarƙashinsa, ya nemo dogayen kusoshi ya ɗaure. Kan ya tashi wajen santimita biyar. Da na hau na ji ƙirjina ya buɗe, na biya ina murna. Kwana uku bayan haka, zan juya a cikin yashin wani mayo, wato rafi, da ya ƙafe, na karya kan gaba ɗaya zuwa dama, sai injin ya yi kururuwa shi kaɗai. Wayar totur ce ta ɗame saboda ba ta da sauran tsawo, ta ja mai ba da izinina ba. Babur ya yi gaba, ni na yi gefe, buhun gyaɗa ya fashe a yashi, yara suka taru suna tsinta. Ban karye ba, amma na yi mako ina ɗingishi, kuma gwiwar da na je nema wa magani tana nan yadda take, domin ɗaga kai ba ya taɓa ta ko kaɗan.

Mutum yana haɗuwa da babur a wuri uku: inda ya taka, inda ya zauna, da inda ya riƙe. Tazarar da ke tsakanin waɗannan ukun ita ke sa a ji daɗi ko a sha wuya. Ciwon gwiwa da na ƙugu daga tazarar mataki zuwa sirdi yake zuwa. Ciwon baya in an miƙe tsaye, daga tazarar mataki zuwa kai. Ciwon kafaɗa da na wuyan hannu a zaune, daga tazarar sirdi zuwa kai. Wanda bai tantance wanne ke damunsa ba zai kashe kuɗi a inda ba ya ciwo, kamar yadda na yi. Tef ɗin tela ya isa a auna su duka, kuma yana da kyau a rubuta lambobin a takarda kafin a kwance ko kusa ɗaya, don in gyara ya ɓaci a san inda za a koma.

Akwai masu cewa a sayar da ƙaramin a sayi babba a huta. Na yi wannan tunanin ni ma. Baburan dajin da suka fi yawa a hannun ma'aikatan gona da na lafiya a nan arewa, irin su Yamaha AG 200 da XTZ 125 da tsohon DT 125 da Honda XR 150L, gajeru ne. Sirdin XTZ 125 santimita 84 yake daga ƙasa, na XR 150L ƙasa da haka kaɗan. Manyan kuwa, CRF 250L da Ténéré 700 suna wajen 87 da rabi, Suzuki DR 650 ya ɗan haura 88, XR 650L ya kai 94. Sai dai wannan lambar daga ƙasa ake auna ta. Babban babur yana da tsawo ne saboda dogayen ƙafafu da tazarar da ke ƙarƙashin injin, kuma matakinsa ma ya tashi sama tare da sirdin, don haka abin da gwiwa ke samu na ƙari bai kai yadda lambar ke nunawa ba. Ana samun sauƙi, ban musa ba, musamman a tsawon babur daga gaba zuwa baya. Amma a lissafa da kuɗin sayensa, da man da yake sha, da ranar da wani ƙaramin abu zai lalace a Cholire a ce sai an aiko daga Duwala. AG 200 ko XTZ kuwa, da wuya ka shiga garin da babu yaron da ya taɓa kwance shi. Wanda aikinsa ke kai shi ƙauye kullum, ni a ganina gara ya gyara wanda ke hannunsa.

Kafin a sayi komai akwai gyaran da sifana kaɗai yake ci, kuma abin mamaki shi aka fi tsallakewa. Yawancin baburan nan ana haɗa su da kan a kwance ya yo baya, wajen cinyar mahayi. A sassauta kusoshi huɗu na maƙalin, a mirgina kan gaba har ya zo layi ɗaya da ƙafafun gaba in an duba daga gefe, ko ya ɗan gota kaɗan. Wannan kaɗai yana ƙara tsawo da tazara, gwiwa ta daina cin karo da hannu in an karya kwana. In aka wuce gona da iri bakin kan zai kalli sama, wuyan hannu ya karkace, ciwo ya koma can. Bayan haka a sassauta maƙalin hannun birki da na kuloci a sunkuyar da su ƙasa, yadda in an miƙe tsaye yatsu za su sauka a kansu ba tare da an lanƙwasa wuyan hannu ba. Sandar giya a kan haƙora take zaune, ana zare ta a matsar da haƙori ɗaya sama, babban takalmi ya sami wurin shiga ƙarƙashinta. Matakin birkin baya shi ma yana da kusar da ke tsayar da shi. In an taɓa shi a tabbata an bar masa wasa na santimita biyu zuwa uku kafin ya kama, in birkin na ganga ne, kuma a duba fitilar birki, don sau da yawa bayan wannan gyaran takan zauna a kunne ko ta ƙi kamawa. Rabin awa a ƙarƙashin darbejiya ya isa duk wannan. A hau a yi mako guda kafin a yanke shawarar abin da ya rage.

Ni abin da ya rage mini shi ne gwiwa, kuma maganinta a wurin mai ɗinkin kujerun mota na same shi. Wani dattijo ne, rumfarsa cike da guntayen soso da warin gam. Ya sa na hau babur ɗin a tsaye a kan jaki, ya zagaya ni sau biyu, ya ce, "Malam, kai ai a tsugune kake tafiya. Dubi gwiwarka, ta fi ƙugunka tsawo." Ya ɓalle kusoshin rigar sirdin ɗaya bayan ɗaya da bakin sukundireba, ya nuna mini soson asali, ya lotse a tsakiya kamar tsohuwar katifar almajiri. Na ce ya sa mini mai laushi, tunda tafiyata doguwa ce. Ya girgiza kai. "Mai laushi na amarya ne, ɗana. Kai mai nauyi, a zafin Garwa, wata ɗaya zai kwanta ka koma inda ka fito." Ya ɗauko wani mai tauri, irin wanda ake haɗawa da ɓarɓashin soso a matse, ya manna shi da gam, ya jira ya sha iska, sa'an nan ya shiga sassaƙa shi da tsinken zarto yana sa ni ina hawa ina sauka. Sau huɗu na hau. A ƙarshe ya shimfiɗa siririn mai laushi a sama, ya rufe da leda saboda ruwan damina kada ya bi ɗinki ya shiga, ya ja sabuwar riga.

Santimita huɗu ya ƙara, amma ba tsawon ne kaɗai ya yi aikin ba. Sirdin waɗannan baburan yana da kwari kusa da tanki, an yi shi ne don gajere ya kai ƙasa, kuma wannan kwarin yana tsare dogo wuri ɗaya, ya zurara shi gaba duk lokacin da ya taka birki. Da aka cike kwarin sirdin ya zama shimfiɗe, sai na sami damar ja da baya a kan kwalta, in matso gaba in zan shiga kwana. Cinya ta kwanta a kan sirdi maimakon duk nauyi ya taru a ƙashin zama. Tashi tsaye ma ya zo da sauƙi, domin tashi daga kujera ba ɗaya yake da tashi daga tabarma ba, kuma wanda tashi ke yi wa wuya ba ya tashi, sai ya zauna rami ya dake shi a baya. Kuɗin aikin bai kai na cika tanki sau biyu ba, ko da man zuwa-zuwa, wato fetur ɗin da ake sayarwa a kwalba.

Illarsa ita ce babur ya zama naka kai kaɗai. Ƙanen nan nawa yanzu da yatsun ƙafa yake taɓa ƙasa, kuma ya taɓa kifewa da shi a ƙofar gida yana tsaye cik. In babur ɗin na wurin aiki ne da ake karɓa-karɓa, a nemi tsohon sirdi na biyu a yi aikin a kansa, kusa biyu ce ke riƙe da shi, a sauya in an tashi. Sa'an nan a lura da faɗi: in mai ɗinki ya bar gaban sirdin da faɗi, zai buɗe maka cinya, ƙafa ta kasa sauka daidai, cikin cinya ya goge a tafiya mai nisa. Faɗi a baya ake so, gaba a tsuke. Abu na uku, duk abin da aka ƙara a sirdi an rage shi ne a tsawon kai in kana zaune. Sirdi ya tashi huɗu, hannu ya yi ƙasa da huɗu. Ga wasu wannan daidai ne, don da ma hannunsu ya yi sama da yawa. Ga wasu kuma sai su fara jin sun sunkuya, a nan ne maganar ɗaga kai take shigowa da hujja.

Hanya biyu ce ta kirki. Ko a sa ɗan ƙarfen da aka ƙera don wannan aikin tsakanin maƙali da kai, ko a sauya kan gaba ɗaya da wanda ya fi tsayi. Ƙarfen ɗagawa ya fi araha kuma ya fi saurin sawa. Abin dubawa shi ne kauri, domin kan babur iri biyu ne, mai milimita 22 wanda ke kan kusan duk ƙananan baburan nan, da mai 28.6 a tsakiya wanda ake gani a manyan na tsere. Santimita biyu, in an matsa uku, yawanci wayoyin asali suna iya ɗauka. Abin da ya wuce haka sai an sauya wayar totur da ta kuloci da tiyon birkin gaba, ko a sake musu hanya ta bayan maƙali. Masu injin sassaƙa ƙarfe a Garwa da Marwa suna iya fitar da shi daga dunƙulen alminiyon in aka kai musu maƙalin su auna, kuma wannan ya fi jeren noti nesa ba kusa ba, don yana rungume kan ne ta ko'ina. Kusoshin da za a sa a duba kansu, a ga an buga 8.8 ko 10.9, kuma su shige cikin maƙalin kamar yadda na asali suka shige. Kusar da ba ta da lamba, ta ƙofar gida ce.

Amma ga abin da masu sayar da shi ba sa faɗa. Ƙafafun gaban babur ba a miƙe suke ba, sun kwanta baya da wajen digiri 27. Duk abin da aka ɗora a kan maƙali wannan layin yake bi, yana tashi yana yowa baya. In ka ɗaga santimita uku, kan ya matso kusa da cikinka da fiye da santimita ɗaya. Dogon mutum mai dogon hannu kuwa tazara yake nema, sai ga shi an ƙara matse shi. Shi ya sa wasu bayan sun ɗaga sai su ji gwiwar hannunsu ta koma bayan haƙarƙari kamar mai tuƙa amalanke. Akwai irin da ke ɗagawa ya kuma tura gaba, shi ya fi dacewa da mu in an samu. Sauya kan gaba ɗaya ya fi tsada da wahala, don sai an zare robar hannu da maɓallan fitila, kuma maɓallan suna da ɗan tsinin da ke shiga rami a jikin kan, sabon sai an huda shi a daidai wurin. Ribarsa ita ce kana zaɓen siffa. Kan asali yakan lanƙwaso baya sosai, dogo kuwa wanda ya fi miƙewa yake so, mai faɗin wajen santimita 80, ya buɗe masa kafaɗa. In ka tashi saye daga masu kawo kaya ta Yola ko Mubi, ka ɗora sabon a kan tsohon a ƙasa ka gani da idonka, kada ka yarda da "ai duk ɗaya ne, Alhaji".

Ko ta wace hanya aka bi, yawan ɗagawa yana da farashin da ba a aljihu ake biya ba. Kai mai tsayi yana miƙar da mutum ya tura shi baya, nauyi ya bar tayar gaba. A cikin yashi mai zurfi wannan ba laifi ba ne, da ma ana son gaba ya yi sauƙi. Amma a kwanar tsakuwa, ko a kan laka mai santsi ta farkon damina, tayar da ba a danne ta ba zamewa take yi ba sallama. A hawan dutse kuma gaban yana ta son tashi. Da yawa daga cikinmu muna ɗaga kai ne saboda muna tsayuwa ba daidai ba, ƙafa a sandare, baya a miƙe, kamar mai leƙen katanga. Tsayuwar babur da ɗan lanƙwasa gwiwa ake yin ta, ƙugu ya koma baya, ƙirji ya sauko, kan mahayi ya zo saitin maƙali. Wanda ya koyi wannan zai ga santimita biyu sun ishe shi inda da yake neman biyar.

Saukar da mataki shi ne gyaran da ya fi kowanne ma'ana a takarda, kuma shi na fi jin tsoron ba da shawararsa. Santimita biyu da aka sauke a mataki daidai suke da ƙara biyu a sirdi da biyu a kai lokaci guda, ba tare da an taɓa waya ko an ɗaga nauyin mahayi sama ba. Gwiwa ta samu, baya ya samu. In aka ɗan ja shi baya ma, babbar ƙafa ta sami wuri tsakaninta da sandar giya. A Turai da Amurka ana sayar da irin waɗannan matakan a shirye don fitattun babura. A nan kuwa, ga AG ko XTZ, kusan kullum maganar takan ƙare a wurin mai walda, kuma nan ne gizo ke saƙar. In ka miƙe tsaye, nauyinka duka a kan waɗannan ƙarafa biyu yake, in babur ya faɗa rami nauyin ya ninka. Waldar da za ta riƙe ƙofar shago shekara ashirin tana iya tsinkewa a nan cikin wata guda, kuma ranar da ta tsinke ƙafa ce za ta caki ƙasa ana cikin gudu. In dole sai an yi, kada a taɓa jikin firam. A cire maƙalin matakin, a ƙera sabo daga ƙarfe mai kauri, a ajiye na asali. A tabbata matakin yana naɗewa sama in ya bugi abu kuma sifirin ɗinsa na dawo da shi. Sandar giya da matakin birki su ma sai an sauke su su bi shi, in ba haka ba ka sayi ciwon idon sawu.

Sai kuma ƙasar da kake bi. Wanda hanyarsa shimfiɗaɗɗiya ce, irin filayen Diyamare ko wajen Kusiri da Njamena inda yashi da ƙura suka fi yawa, saukar da mataki ba zai dame shi ba. Wanda ke hawa duwatsun Mandara, daga Mokolo zuwa Rumsiki, ko yake ratsa gonakin auduga bayan girbi inda kututture ke ɓoye cikin ciyawa, ya yi tunani sau biyu. Haka wanda ke bin hanyar da manyan motocin ɗaukar auduga suka tona da damina ta bushe da kwari biyu masu zurfi. Mai takalmi lamba 46, yatsunsa da ma sun leƙo ƙasa da mataki, in aka ƙara saukewa su ne za su fara gaisawa da dutse, mu kuwa yawancinmu da silifa ko takalmin fata muke hawa. Ni ban sauke nawa ba. Abin da na yi kawai shi ne na cire robar da ke kan matakin na bar haƙoran ƙarfen, wannan ya ba ni kusan santimita ɗaya kyauta, kuma ƙafa ta daina zamewa in ta jiƙe. Illarsa yana cin tafin takalmi, kuma jijjigar injin tana ƙaruwa a doguwar kwalta.

Akwai abu ɗaya da ke rushe duk waɗannan gyare-gyaren, kuma mu 'yan kasuwa mun fi kowa yinsa: kaya. A ɗaure buhu a kan rabin sirdi, mahayi ya koma kan tanki, gwiwa a haƙarƙari. Duk santimita huɗun dattijon nan sun tashi a banza ranar da na yi haka. AG 200 ya fi sauran a nan, don da kariyarsa ta ɗaukar kaya yake zuwa gaba da baya. Ga sauran, a ƙera kariya mai ƙarfi yadda buhu zai zauna bayan wurin zama, abin da zai rabu biyu a rataya shi gefe da gefe, ƙasa-ƙasa. Kada kuma a tura kayan can bayan tayar baya don neman wuri, gaba zai yi ta rawa.

Wannan ya kawo maganar shokozoba. Dogo yawanci mai nauyi ne, ni kilo 95 nake, kuma in bayan babur ya nutse da yawa gaba yana ɗagewa, tuƙi ya yi sako-sako, ƙasan injin ya riƙa dukan dutse. Ana aunawa ne daga tsakiyar tayar baya zuwa wata alama a jikin babur, sau ɗaya an ɗaga tayar sama, sau ɗaya kana zaune da kayan da ka saba ɗauka. Bambancin ya zama wajen kashi ɗaya cikin uku na iyakar tafiyar shokozoban. In ya wuce, a ɗaure sifirin ɗin in yana da wurin ɗaurewa. In an kai ƙarshe bai isa ba, sifirin ɗin ne ya yi maka laushi, sai an nemo mai tauri. Cusa guntun ƙarfe ko roba a tsakanin zobensa, kamar yadda na ga wasu 'yan acaɓa na yi, rage masa tafiya kawai yake yi.

To wa zai zaɓi me? Wanda yawancin tafiyarsa a zaune ce, kwalta daga Garwa zuwa Figil sa'an nan ɗan burji, ya yi gyaran sifana ya tafi wurin mai soso, da wuya ya buƙaci wani abu kuma. Wanda ke yini cikin gargada da mayo, yana tashi yana zama, bayan sirdi ya ƙara santimita biyu a kai, in ya sami mai turawa gaba ya fi. Wanda ƙafarsa ce doguwa gangar jikinsa daidai, matsalarsa tana ƙasa, sirdi da mataki ne nasa, ya bar kai yadda yake. Wanda gangar jikinsa da hannunsa ne dogaye, kai mai miƙewa zai fi yi masa amfani fiye da kowane soso. A riƙa yin gyara ɗaya a hau kwana biyu kafin a yi na gaba, don in aka sauya uku rana ɗaya ba za a san wanne ya gyara wanne ya ɓata ba.

Nawa yanzu ƙarin soso na santimita huɗu ne, da ƙarfen ɗagawa na santimita biyu da aka sassaƙa mini, da kan da aka mirgina gaba. Jeren notin nan yana cikin gwangwani a gida. Duk lokacin da aka taɓa mini kan, ko faci aka yi aka jingina shi a ƙasa, kafin in bar wurin nakan tayar da injin in bar shi yana aiki a hankali, in karya kan har ƙarshe zuwa dama, in karya har ƙarshe zuwa hagu, ina saurare. In ƙarar ta tashi ko kaɗan, ko hannun kuloci ya yi tauri a gefe ɗaya, sai in kashe in ce wa yaron ya kawo sifana mai lamba goma mu sake wa wayar hanya.